Waɗanda Suka Zo Makokin Mijina da Biro

Wata biyu ke nan ina takaba, kuma in zan faɗi gaskiya ba mutuwar Malam ce ke cin raina ba. Mutuwa rigar kowa ce. Ya sha jinyarsa, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, na gode wa Allah. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro wata farar bas ce da ta tsaya a ƙofar gidanmu ranar sadakar uku, da mutanen da ta sauke, da wadda ta aiko su. 'Yata Bilki kullum cewa take in bar wa Allah, wai jinina zai hau. To ya hau mana. Ni tun ina yarinya ban iya haɗiye magana ba, ba kuwa yanzu da haƙorana suka zube zan koya ba.

A nan Inugu na yi wayo. Bayan yaƙin basasa, da hankula suka kwanta, Baba ya dawo da mu unguwar Coal Camp, cikin wani dogon gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, rabi Hausawa rabi Ibo. Baba mahauci ne, kafin gari ya waye ya tafi kwata. Inna kuwa tuwo take sayar wa fatake da direbobin da ke sauke shanu, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa duk a motocin shanun nan suke zo mata daga Arewa. Safiyar unguwar har yau tana cikin kunnena. Ladan ya kira salla, jim kaɗan ƙararrawar coci ta ɗauka, jirgin ƙasa ya yi kuka daga can ƙasan gari, mai okpa, alalar gurjiyar nan ta Ibo, ta ratso layi tana tallarta da zafinta, sannan kanikawa su fara bugun ƙarfe, ba su dainawa sai magariba. In damina ta sauka, ruwa a kan kwanon rufi sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Aikina ɗebo ruwa a famfon bakin layi, da wanke tukwane da toka, da tankaɗe. Yaren Ibo ma a layin famfon na koye shi, kuma da zagi na fara.

Akwai wani fasto dattijo da ke sayen nama a wurin Baba. Ya yi zaman Zariya kafin yaƙi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Wata rana ya zo gida, ya durƙusa ya gaida Inna, ya zauna da Baba a kan tabarma. Ya ce suna da matasa da za su tura Arewa aikin mishan, wasu jinya, wasu koyarwa, kowa kuma da wa'azinsa, amma ba ya so su tafi garin mutane ba harshe ba hali. Aron ɗaki yake roƙo da aron uwa: a ba shi dama mace ɗaya ta zauna da mu wata uku, ta koyi magana, ta koyi zama. Da labarin ya fita unguwa ta ɗauka. Har a ƙofar masallaci aka tare Baba, aka ce shi da ya san wuƙa, yanzu zai wasa wadda za a yanka mu da ita. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ce musu mutanen nan za su tafi ko mun koya musu ko ba mu koya ba, gara su isa garuruwan iyayenmu da ladabi da su isa suna taka tabarmar mutane da takalmi. Ya ce mu ma nan baƙi ne, da ba a yi haƙuri da rashin saninmu ba da ba mu zauna ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa faston, ba wa'azi a cikin gidansa, shi ma kuma ba zai bari a hana baƙuwa addu'arta a ɗakinta ba. Suka yi musabaha a kan haka, ba takarda ba sa hannu.

Ta farkon da aka kawo sunanta Ngozi, ta yi karatun unguwarzoma, ta girme ni da shekara biyar ko shida. Ranar Lahadi ta iso da akwatinta na kwano, don haka Inna ta ce mata Ladi, sunan kuma ya bi ta har yau. Ta zo da littafin koyon Hausa. Inna ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta tura shi ƙarƙashin ƙafar gadon da ke rawa, ta miƙa mata taɓarya. Inna cewa take baƙo makaho ne ko da idonsa ya kai faranti, sai an riƙe masa sanda, haka kuwa ta riƙe. Ta koya mata gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali har aiki, ba a yanke ta a tsakiya don ana sauri. Ta koya mata durƙusa wa babba, da miƙa abu da hannun dama, da cire takalmi tun daga bakin ƙofa, da cin tuwo daga gabanta ba ta tsallaka gaban wani ba. Ta koya mata ba a tambayar mace 'ya'yanta nawa, ba a kuma sa ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta. Mun sha dariyarta kam. Ranar da ta fara tuƙa tuwo, gudaji ne zalla kamar tsakuwa, Baba ya ci, ya ce Allah ya yi albarka, ya fita ya sayo burodi. Inna kan tura ta kasuwar Ogbete wurin masu kayan miya 'yan Arewa, ta hana ta yin Ibo ko Turanci, in ta dawo an cuce ta a ciniki ta sake tura ta gobe. Da zazzaɓi ya kwantar da ita, Inna ce ta kwana tana shafa mata ruwa, ta dama mata kunun tsamiya ta ba ta a baki. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita, ta yi addu'arta a durƙushe, ni in shimfiɗa dardumata in yi sallata. Ban san ranar da na fara ce mata Yaya Ladi ba, ita kuma ta kama kira na Auta yadda Inna ke yi.

A wata na biyu aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu. Ɗan Iya Abu ne, saurayi, mota ta buge shi a hanyar kasuwa. Iya Abu kuwa ita ce kan gaba cikin masu cewa Inna ta ajiye arniya a gida, ko gaisuwar Ladi ba ta amsawa. Da Ladi ta ji labari sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu irin na garinsu, ta faɗa ɗaki ta ɗauko Littafinta na coci za ta je ta yi wa matar addu'a. Ba da mugunta ba ne, haka ake yi a wurinsu. Inna ta tare ta a bakin ƙofa, ta kama hannunta ta mayar da ita ciki, ina tsaye ina ji.

"Ajiye littafin nan, Ladi. Wanke fuskarki, ki yafa mayafina. In mun shiga ki durƙusa ki ce ya haƙuri, ki ce Allah ya ji ƙansa, shi ke nan, ki nemi gefe ki zauna. Mai makoki ba magana take nema ba. So take in ta ɗaga ido ta ga mutum."

Ladi ta tambaya har yaushe za ta zauna, Inna ta ce har sai an tashi. Kwana uku yarinyar nan tana kusurwar tsakar gidan Iya Abu ba ta ce uffan ba. In ruwan randa ya ƙare ta tashi ta ɗebo, in an ci abinci ta kwashe kwanuka ta wanke, ta koma mazauninta. Ni da nake 'yar gida gajiya nake yi in riƙa zamewa, ita ba ta motsa ba. Ran na uku da yamma, mutane sun ragu, Iya Abu ta ɗaga kai ta dube ta, ta tura mata kwanon gumbar da ke gabanta ta ce, "Ci, 'yar nan, tun safe ban ga kin sa komai a baki ba." Daga ranar ba ta ƙara kiran ta da wancan sunan ba, har takan aiko mata da ɗanɗanon abin da ta dafa. Ladi ba ta musulunta ba, Iya Abu ba ta shiga coci ba, ba kuma wanda ya nemi haka. Ni dai a wurin 'yar Ibo na koyi zaman makoki.

Ladi ta tafi can wani ƙauye a gindin duwatsu, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa. Bayanta an kawo wasu, ɗaya bayan ɗaya, ban riƙe adadinsu ba. Wasu suka yi hali, wasu kuwa Inna ta mayar wa fasto kafin wata ya cika ta ce wannan ba ta nuna ba tukuna, faston kuma bai taɓa yi mata musu ba. Na yi aure a cikin unguwar. Malam fataucin shanu yake yi, ya san al'adar gidanmu, bai hana ba. Da Inna ta rasu babu wayar hannu a lokacin, a bakin direban shanu saƙo ya je wa Ladi. Kwana biyu ta yi a bayan babbar mota, ta sauka ƙafafunta a kumbure, ta shigo ta durƙusa a gabana ta yi mini gaisuwa, ta nemi gefe ta zauna har aka yi bakwai. Bayan nan ni na gaji aikin Inna. Duk wadda aka kawo na riƙe ta yadda na ga an riƙe na baya, duk wanda kuma ya yi mini gori a unguwa amsar Baba nake ba shi.

Sai zamani ya zo da nasa. Faston ya mutu, aka gina makaranta a unguwar Uwani, bene da allo a ƙofa, aka dawo da Ladi aka ba ta shugabancin ɓangaren koyon zama da mutane, tunda ta fi kowa sanin Arewa. Na yi murna, na ce abin ya koma hannun 'yar gida. Ashe ban san dawan garin ba. Wata uku ya koma wata ɗaya, wai ɗalibai sun yi yawa. Wata ɗaya ya koma mako. Daga baya sai a kwaso mini su goma a mota bayan azahar, su yi awa biyu su koma, kowa da waya a hannu. Yarinya ta tsaya mini ƙerere a ka ta jefo mini sannu, ta danna waya ta karanto "ina kwana" da la'asar sakaliya. In ba ta taɓarya ta ce a ɗauke ta hoto tukuna. In zuba tuwo ta tambayi cokali. Wai a haka za a ba su satifiket a ce sun san Bahaushe, a tura su garin mutane. Ba na cewa miyagu ne, 'ya'yan mutane ne, wasunsu ma da zuciya mai kyau suka baro gidajensu. Amma wadda ba ta taɓa jin yunwa a gidana ba, ba ta ga ranar da na tashi da baƙin rai ba, ba ta kwanta ciwo na yi jinyarta ba, ba ta yi mini laifi na yi mata faɗa ta kwana ta tashi ta gaishe ni ba, me ta sani a kaina? A da baƙuwa cikinmu take shiga har ta manta ana koya mata wani abu. Na yanzu kallo suke zuwa, mu ne abin kallon. Na faɗa wa Ladi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ta ce in yi haƙuri, masu ɗaukar nauyin makarantar ba sa tambayar wa ya iya gaisuwa, tambayarsu mutum nawa aka yaye. Na yi shiru saboda ita, na ci gaba da buɗe ƙofa. Shirun nan shi ne laifina, kuma har da kaina nake jin haushi.

Ranar sadakar uku gida cike yake. Maza suna waje a ƙarƙashin rumfa, abokan fataucin Malam sun zo har daga Anaca da Fatakwal. Mata suna tsakar gida, ina zaune a tsakiyarsu a lulluɓe. Tun ranar farko idona yana kan ƙofa ina jiran Ladi, don na san Bilki ta kira ta tun kafin a kai shi makwancinsa. Da na ji tsayuwar mota na ce a raina ga ta nan. Sai ga su sun shigo a jere, sun fi goma, riguna iri ɗaya da sunan makaranta a ƙirji, kowa da takarda a kan ɗan allo da biro. Har da maza uku, suka ratso cikin mata da takalmansu. Mai jagorantarsu wani matashin malami ne da ban taɓa gani ba. Ya miƙo mini ambulan ya ce daga Madam ne, wato Ladi, ya juya ya fara yi musu bayani da Turanci yana nuna mu da biro: ga matar mamacin, ga abincin sadaka, ku lura ba a kuka da ƙarfi. Ina jin Turancin nan sarai, a garin nan na tsufa. Suka duƙufa suna rubutu. Wata ta ɗaga waya tana zagayawa da ita a kan fuskokin mata. Wata kuma ta tsuguna kusa da ni da murmushinta.

"Mama, sorry o. Abeg, how many days una dey do this thing? E dey for our form."

Wai kwana nawa muke yin abin nan, yana cikin fom ɗinsu. Na kawar da kai. Da za su tafi, wata ta damƙa mini 'yar takarda a tafin hannu ta matse yatsuna a kai. Bayan sun fita Bilki ta duba, ashe wa'azi ne da Hausa, a kan inda mutum ke zuwa in ya mutu bai bi hanyarsu ba. Mijina kwana uku a ƙasa. Kuma a hannun 'yar mutumin da ya kafa musu sharaɗi ɗaya tak aka sa takardar.

Ba wanda ya ɗaga murya, makoki ake yi. Amma na ga yadda mata suka riƙa jan mayafi suna rufe fuska, na ga waɗanda suka tashi ba su taɓa sadakar ba. 'Yar Iya Abu, tsohuwa ce yanzu kamar ni, ta matso ta ce mini a hankali kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A waje kuma samari sun so su bi motar, ƙanin Malam ne ya sha gabansu. Da ba don shi ba, da ran nan an yi abin da za a daɗe ana da-na-sani, mu da muke zaune a garin mutane. Tsawon rayuwata ina kare gidanmu da amsar Baba, cewa muna koya musu ladabi ne, rana ɗaya aka shigo da takalmi aka tattake ta a gaban kowa. Ambulan ɗin ko buɗe shi ban yi ba, na ce Bilki ta ba mai keke ya mayar.

Ladi ba ta zo bakwai ba, ba ta zo arba'in ba. Ta yi ta kiran waya, na hana a ba ni. Shekaranjiya da hantsi sai ga ta ita kaɗai, da sanda, gashi fari fat a ƙarƙashin mayafi. Ta lallaɓa ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta ce ya haƙuri, na ce da godiya. Na tambaye ta ina take ranar da aka kira ta. Ba ta yi mini ƙarya ba, wannan kam na ba ta. Ta ce baƙi ne suka zo daga ƙasar waje, masu ɗaukar nauyin makarantar, mako guda ana taro, ta kasa zamewa. Daga Uwani zuwa nan kuwa, ko da cunkoso, keke ba ya cin rabin awa. Ta ce da malamin ya kawo shawarar a kai ɗalibai su ga makoki da idonsu, sai ta ga babu gidan da ya fi nawa, ta ja musu kunne su zauna shiru. Ba ta san da fom ba, ba ta san da takardar ba. Daga baya kuma kunya ce ta hana ta zuwa.

"Amma ke kika sa hannu, Yaya Ladi."

"Ni na sa."

"Ke da kika yi kwana uku a gidan Iya Abu, ke ce kika ɗauka ana koyon abin nan da jan kunne a bakin mota?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce mata daga yau kada a sake kawo mini ko mutum ɗaya, ƙofar da Baba ya buɗe ni na rufe ta, su je su koya a wayarsu. Ta ce ba don ɗalibai ta zo ba. Na ce na sani, sai dai ranar da nake neman ta ta wuce.

Ta daɗe a zaune hawaye na zuba ba sauti. Sannan ta dafa sanda ta miƙe ta ce, "Na yi ɓarin da ba ya kwasuwa, Auta. Ki yafe mini, ko ba yau ba." Gabana ya faɗi, don lafazin duk na Inna ne, har yadda take jan ƙarshen magana. 'Ya'yana rabin Hausarsu buroka ce, jikokina da Ibo suke faɗa. Duk duniya ba wanda ya rage yana magana irin ta uwata sai matar nan. Na so in ce ta koma ta zauna a ɗora tukunya. Ban ce ba. Ta fita a hankali tana laluben takalminta, ban raka ta ba. Mai takaba ba ta rakiya, kowa ya san haka, Bilki ma haka ta ɗauka. Ni da Ladi kaɗai muka san cewa ko da ba na takaba, ba zan tashi ba.